Ƙwan Mengda a Tafkin Inna

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma ko a lokacin ma a bencin baya nake zama, inda idon malam ba ya kaiwa. Da na gaya wa yayata Keson abin da nake son rubutawa, dariya ta yi har jaririyarta ta saki nono. Ta ce, "Ke Buasai, mutane na rubuta labarin soyayya, ke kuma na ƙwaro?" Na mayar da biron cikin kwando na tafi wanke-wanke. Amma abin ya ƙi barina. Ban yi wani abin a zo a gani ba a rayuwata, sai dai wannan ɗin ina so a san ni na yi shi.

Tafkin yana ƙarshen gonar shinkafarmu, inda ƙasa ta gangara wajen kogin Mun. Ba shi da girma. In bauna uku suka kwanta a ciki sun cinye rabinsa. Bado da kainuwa sun rufe gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma doguwar ciyawa ce. Inna ta gaje shi wurin mahaifiyarta, kuma kafin ta rasu ta raba abin da take da shi a gaban Baba: gonar tudu ta Keson, gida da tafki na auta. Ni ce autar.

Ni ba mai magana ba ce. In baƙo ya hau matakalar gidanmu, da yake a kan dogayen turaku aka gina shi, ni kuma sai in sauka ƙarƙashin gida wurin masaƙa, in zauna har ya tafi. Ban taɓa taya kaya a kasuwa ba. Duk farashin da aka faɗa nake biya, ko in ajiye in wuce. Tun ina ƙarama in aka neme ni aka rasa, to ina bakin tafki, na tsuguna ina kallon ruwa.

Mai wucewa ba zai ga komai ba sai ruwa kwance. Amma in ka daɗe a tsugune har inuwarka ta daina ba su tsoro, za ka ga wurin kasuwa ce ta masu cin juna. Akwai masu dogayen ƙafafu da ke sulɓi a saman ruwa, suna jiran ƙwaron shinkafa ya faɗo. Akwai masu iyo a rigingine, ciki sama. Akwai kunamar ruwa, wadda za ka rantse busasshen kara ce. A cikin laka kuma 'ya'yan mazari ne, munana, masu leɓe a naɗe ƙarƙashin fuska. In ɗan sauro ya gifta sai leɓen ya miƙe ya dawo da shi, kafin ka ƙifta ido. Babbansu duka shi ne mengda, mai faɗi da ruwan ƙasa kamar busasshen ganyen mangwaro, tsawonsa ya kusa tafin hannuna. Hannayensa na gaba kamar lauje suke, bakinsa kuma allura. Yana kama kwaɗo, yana kama kifi, ya soke su ya tsotse, ya saki fatar ta yi ta yawo a ruwa.

Sai dai mengda ya daɗe da ɓacewa a ƙauyenmu. Lokacin Inna, ba a yin damina ba a daka yajinsa ba. Daga baya sai ƙamshinsa na kwalba da ake sayarwa a kanti, wanda Baba ya ce warin man shafawa yake yi. Wasu suka ce maganin feshi ne ya kore shi, wasu suka ce fitilun titi ne ke janye shi ya mutu a kan kwalta.

Sulin mijin Keson ya tare a gidanmu shekara ɗaya kafin daminar da nake ba da labarinta. Kafin nan leburan gini yake yi a Bangkok, ya dawo da tabon ƙarfe a ƙafa da rantsuwar ba zai sake komawa ba. Mutum ne mai ƙwazo da surutu, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ni kuwa ya mayar da ni abin tsokana. Bebiyar gida yake kirana. In ya dawo daga gona sai ya leƙo ƙarƙashin gida ya ce, "Bebiya, yau ma kin cika mu da surutu, ki bar mu mu huta mana."

Ruwan farko na sauka, Keson na da ciki, ya kawo maganar a kan tabarmar cin abinci. Yana murza shinkafa mai danƙo a hannu ya ce, "Baba, tafkin can zaman banza yake yi. Na yi magana da masu 'ya'yan kifi na garin Ubon. Karfasa ce, ƙanana kamar ƙwayar kabewa. Kafin kaka mun samu na ci da na sayarwa."

Baba ya ce, "Ƙwarin ciki fa? Ai kwana kaɗan za su gama da su."

"Man gas za a zuba, kamar yadda kowa ke yi. Ya rufe saman ruwa, duk mai hawowa shaƙar iska ya mutu. Kwana ya zagayo, sai a saki kifi."

Na san abin da yake nufi. Na ga tafkin da aka yi wa haka a hanyar kasuwa. Ƙwari sun taso sun yi baƙi a gefe, an kwashe su da kwando an zubar. Bayan man ya baje, sauro ne ya fara dawowa, ya tarar babu mai cinsa.

Baba ya dangwali daddawar kifi, ya tauna a hankali. Sannan ya ce, "Ni me ya sa kake tambayata? Ni ma gidan matata na zo da ƙunshin kayana, kamar kai. Ga mai tafki nan kusa da kai."

Duka suka juyo suna kallona. Maganar tana nan a ƙirjina, ƙarama ce, amma ta ƙi hawowa. Na sunkuyar da kai ina kallon shinkafar hannuna.

Sulin ya ce, "Kun gani, ba ta ce a'a ba."

Baba ya ce, "Ba ta ce e ba kuma."

"Haba Baba, in sai ta yi magana, ai yaron cikin nan zai yi gemu ba mu saki kifi ba."

Keson ta kai masa duka a cinya, tana dariya. Baba ya wanke hannu ya ce, "To ga yadda za a yi. Motar kifi sai bayan kasuwar sabon wata za ta zo, ko? In har jajibirin zuwanta mai tafki ba ta hana ka da bakinta ba, ka zuba. In ta hana, shi ke nan. Ba kuma zan faɗa mata abin da za ta ce ba."

Ba a daɗe da wannan maganar ba na ga ƙwan. Na je tsinkar ganyen miya da safe, sai idona ya faɗa kan wata tsohuwar sandar gora da Inna ta kafa tun da daɗewa don ɗaure koma. A jikinta, kamar taki ɗaya sama da ruwa, ga ƙwai a jere a manne, kamar ƙwayoyin masara a jikin totuwa, kowanne da zane-zane ruwan ƙasa. Ƙwan mengda ne. Rabon da in ga irinsu tun Inna na da rai.

Na tsuguna na yi shiru, abin da na fi iyawa. Can sai ruwan gindin sandar ya motsa, uban ya hawo. Namijin ne ke tsaron ƙwai, uwar tana zuba su take tafiya abinta. Ya hau a hankali, jikinsa na ɗigar da ruwa, ya kwanta a kansu ya rufe su da cikinsa. Ya ɗan jima a haka, ya sa baki tsakaninsu, sannan ya gangara ya koma ruwa. Bai yi nisa ba. Ina hango shi maƙale a sandar, kai ƙasa, ɗuwawu sama yana shaƙar iska. Rana ta ƙara zafi, ya sake hawowa. Har na tashi ban ga ya kama ko ɗan kwaɗo ɗaya ba, alhali suna ta gilmawa ta gabansa.

Ban gaya wa kowa ba. Ina tsammanin in na yi shiru ba wanda zai sani.

Amma Keson cikinta ya sa ta kwaɗayi. Kullum sai ta ce yajin mengda take so, na gaske, ba na kwalba ba. Sulin kuwa in dai Keson ta ce, ko ƙarƙashin ƙasa ne zai tona. Wata rana da la'asar ina saƙa na ji yana kwaɗa kira tun daga tudun gona.

"Ku fito ku ga mijin kirki! Keson, fito ki ga abin da kika aura!"

Ya ɗaga mengda sama, ya riƙe shi ta baya, ya ɗaure hannayen da zaren roba. Tun kafin ya iso ƙamshin ya riga shi, kamar nunanniyar gwaba da aka fasa.

"Namiji ne, ku shinshina! Ko guduwa bai yi ba, sakarai. Na sa koma, yana nan manne da sanda kamar an ɗaure shi."

Baba ya karɓa ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya ce, "Kai, yau na tuna ƙuruciya. Mu ma haka muke yi. Ka nemi sanda mai ƙwai kawai, ka laluba ƙasanta, yana nan. Namiji ne mai ƙamshi, shi ne kuma ba ya gudu. Da safe ɗaya sai mu cika kwando."

Keson ta ce, "To ina suka tafi, Baba?"

"Oho. Zamani."

Ni ce mai girki a gidan, don haka ni aka miƙa wa. Na gasa shi a kan garwashi, na gasa barkono da tafarnuwa da albasa, na daka su tare da kifi. Ina dakawa maganar Baba tana yi mini yawo a ka. Kowa namiji yake so. Namijin da ya fi sauƙin kamu shi ne mai tsaro. Kwando ɗaya na iyaye, sanduna nawa ke nan aka bar wa rana? Ban ce feshi da fitilu ba su yi nasu ba, amma mu ma da turminmu muna ciki.

Ba zan yi ƙarya ba, yajin ya yi daɗi. Keson ta ci har tana lashe yatsa, ta ce yaron ciki yana rawa. Ni ma na dangwala sau ɗaya.

Da gari ya waye na ɗauki ludayin ƙoƙon kwakwa na tafi tafki. Ƙwan na nan, amma sun fara yin fari-fari a gefen da rana ke bugu. Na tattare zanena na shiga ruwa har gwiwa. Ban san ko zai yi ba. Na debo ruwa na tsiyaya a saman sandar, ba a kan ƙwan kai tsaye ba, don ya gangaro a hankali kamar yadda yake ɗiga daga jikin uban. Na ga launinsu ya dawo. Na yanko ganyen ayaba na ɗaura a kan sandar ya yi musu laima.

Daga ranar aikina ya ƙaru. In na zuba wa masu ibadar nan masu jan mayafi sadakar shinkafa a ƙoƙonsu da sassafe, sai in wuce tafki. In koma kafin rana ta take, in koma in ta take, in koma da la'asar. Wata rana na tarar da jajayen tururuwa sun bi wani dogon ganyen ciyawa da ya jingina da sandar, har sun fasa ƙwai na gefe. Na kakkaɓe su da gashin kaza, suna cizona, na yanke duk ciyawar da ke kusa. Ranar da aka yi ruwa na huta.

Ƙauye ba ya ɓoye abu. Matan da ke dashen shinkafa a gonar maƙwabta suka fara ɗago kai. Goggo Lamduan, wadda muryarta ke kaiwa ƙetaren kogi, ta ce, "Auta, shayar da ita da kyau, wataƙila bana ta yi ganye!" Sauran suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ku bar ta, ta rasa saurayi ne ta samu sanda, shi ma ba ya magana." Na ja hular kaba na rufe fuska, na ci gaba da tsiyayawa.

Sulin ma ya gano. Ya daina ce mini Bebiya, ya koma Baban Ƙwai. "Baban Ƙwai, yaya iyali? Sun fara kiran sunanka?" Amma bai fasa shirinsa ba. Ya sayo man gas a jarka ya ajiye ƙarƙashin gida, dab da masaƙata. Kullum ina jin warinsa ina saƙa. Sau da yawa na shirya maganar a raina, har na gwada faɗarta a hankali ga bauna. In na ga Sulin sai ta narke.

Ƙwan kuwa suka kumbura, suka yi tsawo, suka matse juna, launinsu ya yi duhu. Ban san ranar da za su fashe ba. Na dai san ranar motar kifi.

Jajibirin ranar, da la'asar sakaliya, ina cikin ruwa da ludayina na hango Sulin tafe a kan tudun gona, jarka a kafaɗa. Ba ya waƙa kamar yadda ya saba. Ya sauke ta a bakin tafki ya tsaya.

Ya ce, "Buasai, fito. Kada man ya taɓa miki fata."

Ban motsa ba.

"Ki cire sandar ki kai ta wani wuri in kina so. Ni ban hana ki ba."

Ina zan kai ta? Gonaki duk an yi feshi. In ma sun fashe a bokiti, me za su ci, ina za su zauna? Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Laka tana zamewa, sai na kai hannun dama ƙarƙashin ruwa na dafa gindin sandar don kada in faɗi.

Wani abu ya cafke mini yatsa, ya soka.

Na taɓa shan harbin kunama, na taɓa taka garwashi. Wannan daban ne. Kamar an sa ƙusa a wuta an tura ta daga yatsa har kafaɗa. Ihun da na yi, ni kaina ban san ina da shi ba. Tsuntsaye suka tashi daga ciyawa, baunarmu ta tsinke igiya. Daga baya Goggo Lamduan ta ce ta ɗauka alade ake yankawa.

Sulin ya faɗo ruwa da tufafinsa, ya fizgo hannuna sama. Ga ta nan maƙale, mengda ce, mace, ta fi wanda muka ci girma. Ya kama ta ta baya ya ɓamɓare ta, ya ja ni zuwa tudu. Kafin in zauna Baba ya iso da gudu, rabon da in ga ya yi gudu na manta. Keson na biye da shi tana riƙe da ciki, matan dashe kuma sun yi layi a kan tudu da laka har gwiwa.

Baba ya ce, "Maciji ne?"

Sulin ya ɗaga ta. "Ga macijin nan. Kin ga 'yan'uwan naki, Baban Ƙwai? Kina shayar da su suna saka miki. In ta yi wa mutum haka, ɗan kifi fa?" Ya nemi dutse da ido. "Bari in fara da ita, sannan in zuba."

"A'a!"

Da ƙarfin ihun nan ta fito, don maƙogwarona bai riga ya rufe ba. Na ji kunya ta taso za ta shaƙe ni kamar kullum, amma zafin yatsan ya fi ta ƙarfi.

Na ce, "Mayar da ita ruwa, Yaya Sulin. Kuma kada ka zuba. Tafkina ne, na hana."

Goggo Lamduan ta tafa hannu. "Yau ga abin kallo! Ashe da harshe aka haife ta."

Baba bai yi dariya ba. Ya zauna a kan jarkar, ya ciro tabarsa, ya ce, "To, ka ji da kunnenka."

Sulin ya tsaya da ƙwaron a hannu, ruwa na zuba daga wandonsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Na ji. Amma ke ma ki ji. Gobe mota za ta sauke kifin nan, ba a mayarwa. In na sake su a haka, abincin ƙwari na saya. Yaron nan yana tafe. In kifin ya lalace, jakata zan ɗauka in koma ɗaukar siminti, a haife shi ba na nan. Wannan kike so?"

Ba haka nake so ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta ba da tsokana ba. Na dubi Keson, ta kau da kai.

Abin da na faɗa bayan nan na daɗe ina juya shi a raina wurin saƙa, ban dai taɓa zaton zan furta ba. Na ce, "Shuɗiyar ragar da muke shanya shinkafa a kai. Idonta ƙanana ne, ko ɗan sauro da ƙyar yake wucewa. In aka ɗinka ta kamar gidan sauro, aka juya bakin sama, aka kafa ta da gora a gefe mai zurfi, aka yi mata murfi saboda masu tashi, kifin zai zauna a ciki har ya yi ƙwari. Su suna ciki, waɗannan suna waje."

"In sun girma na sake su fa?"

"Za a ci wasu."

"Kun ji ko? Za a ci wasu! Ko kunya ba ta ji."

"Za a ci wasu. Mu ma za mu ci wasu daga cikin masu cin. In mengda ya dawo, Yaya Keson ba za ta sake shinshina kwalba ba, kuma ka san yadda ake rububinsa a kasuwa. Amma ba mai sake taɓa wanda ke ƙarƙashin ƙwai. Ko kai, ko Baba, ko wani."

Baba ya cire tabar daga baki. "Har da ni?"

"Har da kai, Baba."

Ya yi wata irin dariya ta hanci, ya juya yana kallon gona. Na ga ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙi ne.

Sulin ya dubi hannuna, wanda ya riga ya kumbura kamar gwanda. "Da wane hannun za ki yi ɗinkin, uwar masu dabara?"

Keson ta ce, "Da nawa. Ciki gare ni, ba kuturta ba. Kai kuma ka daina tsayawa kamar turke, ka je ka saro gora tun da sauran haske."

Ya yi tsaki, ya dubi mengdar da ke ta wutsil-wutsil a hannunsa. Ya ce mata, "Ke kuma kin ci sa'a, mace ce ke, ba ki da ƙamshi." Ya wurga ta tsakiyar bado. Sannan ya ɗan rusuna mini, irin na wasa amma ba duka wasa ba, ya ce, "A tashi lafiya, mai tafki. Baba, ɗaga mini jarkar, in kai wa injin huɗa, shi ba ya musu."

Kafin rana ta faɗi an shimfiɗa ragar a tsakar gida. Keson na ɗinki, Goggo Lamduan ta zauna taya ta ba wanda ya gayyace ta, ni kuma ina nuna inda za a lanƙwasa, hannuna a cikin ƙwaryar ruwan sanyi da dakakken ganye. Sau biyu na ce an karkace a warware, kuma aka warware. Goggo ta ce, "Wannan da ma shirun nata ya fi mana sauƙi."

Washegari, tun kafin motar ta iso, na ɗauki ludayi da hannun hagu na tafi tafki. Ban sami abin shayarwa ba. Kowane ƙwai ya buɗe ɗan murfinsa, 'ya'yan sun fito rabi, suna reto kai ƙasa, launinsu kamar ɗanyen ganyen ayaba, jikinsu taushi, idanu baƙaƙe. Na tsaya cik. Sai ɗaya ya saki, sauran suka biyo shi kusan a tare, kamar an watsa tsakuwa a ruwa. Suka baje cikin kainuwa. Ɗaya ya maƙale a ɓawonsa, na sa tsinken ciyawa na taɓa shi ya faɗa. Na san ba duka za su rayu ba, wasu ma 'yan'uwansu ne za su cinye su. Amma sun shiga ruwa mai rai.

Can gefe mai zurfi Sulin da Baba suna kafa ragar suna gardamar wanda ya karkatar da gora. Na ajiye ludayin a kan tudu, na je inda suka tara ragowar gorar, na zaɓi sirara masu kaushin jiki, waɗanda ƙwai za su manne. Na bi gefen ciyawa ina kafa su ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, ina dannawa da ƙafa, kowacce na bar mata tsawon hannu sama da ruwa, nesa da duk ganyen da tururuwa za ta iya bi.